Dubu 85 gare ni da waya mai tsagaggen gilashi, zan iya haɗa fim ɗin minti 15?

Ɗan Tela, Kurna:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina karanta abin da ake tattaunawa a nan ban taɓa sa baki ba, yau dai abin ya tsaya min a rai shi ya sa na ce bari in tambayi waɗanda suka riga ni.

Shekarata 21, ina koyon ɗinki a shagon kawuna a Kurna, nan Kano. Na kwashi adashi dubu 60, na haɗa da dubu 25 da na tara a aikin babbar sallah, ga dubu 85 a hannuna. Asalin niyyar kuɗin in cika in sayi keken ɗinki nawa na kaina. Amma akwai wani labari da ya hana ni sukuni.

Yayana ya shekara huɗu yana tura kurar ruwa, jarka goma sha biyu, daga bakin burtsatse zuwa cikin lunguna. Da wannan kuɗin ya biya min jarrabawar WAEC. Yanzu ciwon baya ya raba shi da sana'ar, ya koma gadi a wani kamfani. Tunda nake kallon finafinanmu ban ga inda aka tsaya a kan ɗan ga-ruwa ba, sai dai ya gifta ta bayan jarumi ko a kawo shi don a yi dariya. Ni kuwa so nake in nuna yini ɗaya na rayuwarsa, daga asuba zuwa magariba, ranar da tayar kura ta fashe alhali a ranar ake rufe karɓar kuɗin jarrabawar ƙaninsa. Na rubuta shi a littafi mai shafi 40, na ƙiyasta zai kai minti 15.

Watan jiya na gwada. Ranar Juma'a ce, na tara abokaina shida, na ɗauka da wayata, Tecno mai 64GB. Da na dawo gida na kunna sai jikina ya yi sanyi. Hoton ba laifi, amma maganar ba a jin ko rabinta: injin markaɗen maƙwabta yana ta ruri, janaretan mai aski yana yi, yara sun biyo mu suna ihu suna leƙa fuskarsu. Wajen ƙarfe goma sha biyu wayar ta ɗauki zafi ta mutu, da ta dawo kuma ta ce wuri ya cika. Kafin a tafi masallaci uku daga cikin abokan sun zame, yunwa ta kore su, ban kuma ga laifinsu ba don ruwan leda kawai na saya. Washegari wanda ya fito a ɗan ga-ruwan ya zo da wata riga daban, ya ce an wanke ta jiya. Dubu tara ta tafi a haka.

Yanzu shawara uku ake ba ni. Wani ya ce in sayar da wayata in cika in sayi iPhone na hannu a Farm Centre. Wani ya raka ni wani ofis a Zoo Road, aka ce kyamara da mai riƙe ta na yini ɗaya dubu 35, ban da fitila da kuɗin mota. Na uku ya ce in haƙura da wayar da nake da ita in sayi ƙananan kaya. Wanne zan bi?

Sannan don Allah a faɗa min gaskiya, kada a lallashe ni. Wannan harkar ta ɗan talaka ce kuwa, ko kuwa sai wanda ake ajiye wa abinci a gida ko ya fita nema ko bai fita ba?

Tsohon Mai Kyamara, Fagge:

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya ba yayanka lafiya, ya saka masa da alheri.

Ni da jakar kyamara na fara, ina bin maigidana gidajen biki da suna, zamanin kaset. Bari in ba ka labarin yadda abin ya faro don ka san a ina kake tsaye. Lokacin da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a 1990, waɗanda ke harkar 'yan ƙungiyoyin wasan kwaikwayo ne, malaman makaranta da ɗalibai da masu ƙananan sana'o'i irinka. Yawancinmu hayar kyamara muke yi a wajen masu ɗaukar biki. Tace hoto kuwa da bidiyo biyu ake yi, wannan na kunnawa wannan na naɗa, in ka kuskure a tsakiya sai ka koma baya, kuma duk kwafin da aka sake sai hoton ya ƙara dusashewa. In an gama a buga kwali a kai wa 'yan kasuwa a Ƙofar Wambai ko Bata, a zauna jiran ciniki. A wancan lokacin kyamara ita ce katangar da ke tsakanin talaka da fim. Wayar da kake rainawa a aljihunka ta fi waccan kyamarar fitar da hoto nesa ba kusa ba. Wannan katangar ta faɗi.

Abin da ya kayar da kai ranar Juma'ar nan, sake karanta abin da ka rubuta: kunne, ciki, da lokaci. Babu ɗaya da iPhone zai gyara. In ka saya za ka koma lungun nan da hoto mai kyau da injin markaɗe a kansa, aljihu kuma babu ko na ruwan leda. Hayar yini ɗaya ita ma ban ba ka shawara ba yanzu. Wanda bai taɓa kammala fim ba ba ya gama minti 15 a yini ɗaya, za ka yi ta kallon rana tana faɗuwa kuɗinka na ƙonewa, ka yi ta amincewa da abin da bai yi ba don gudun a ce a ƙara kwana.

Da ni ne da kuɗin nan, ga yadda zan yi. Makirfo ƙarami na maƙalawa a riga, wanda ake jona mahaɗinsa a gindin waya, na ga irinsa wajen dubu 15 kwanan baya, ka je ka taya, kuma ka gwada shi a wayarka a gaban mai shagon kafin ka biya. Filas mai shiga waya don juye abin da ka ɗauka kowace rana, wajen dubu tara. Fawa bank ka ara. Daga nan sai abinci, kuma shi ne babba. A lokeshan ana kiransa walfeya, kuma na ga manyan ayyuka sun watse a kansa. Mutum biyar, kwana uku, ka ware wa kowa dubu ɗaya da ɗari biyar a rana, dubu 22 da ɗari biyar ke nan. Wanda ya ba ka yininsa kyauta, mafi ƙarancin haƙƙinsa a kanka ya ci ya ƙoshi. Kuɗin mota dubu biyar, data dubu shida.

Sai kura. A nan nake so ka natsu. Kada ka je wajen ɗan ga-ruwa ka ce ya ara maka kurarsa saboda Allah. Safiyar da ka riƙe ta, safiyar cinikinsa ce ka riƙe, wataƙila ma shi kansa haya yake biya a kanta. Ba zai yi kyau ka yi fim a kan wahalar mutum ka kuma ƙara masa wata ba. Ka tambaye shi abin da yake samu daga asuba zuwa hantsi ka biya shi, ka sa dubu 12 na safiya uku. In ka lissafa za ka ga saura wajen dubu 15. Kada ka taɓa su. Akwai fitowar da za ta lalace dole a sake, ban taɓa ganin aikin da ba a yi haka ba.

Kuma kai tela ne, kana zaune a kan rabin kayan aikinka ba ka sani ba. Ɗinka ƙaramin buhu ka cika da yashi, ka ɗora waya a kai bisa kujera ko katanga, ba za ta girgiza ba. Farin yadi ka ɗinke a jikin wayar ƙarfe mai kauri da aka lanƙwasa kamar faifai, yaro ɗaya ya riƙe yana mayar da hasken rana kan fuska. Ɗan soso ko ƙyalle mai gashi ka yi wa makirfo hula saboda iska, musamman in hunturu ya shigo. Rigar jarumi kuwa kai za ka ɗinka, ka tsufar da ita da ƙasa da ruwa, kuma kullum in an tashi ka karɓe ta ka tafi da ita gida. Maganin an wanke ke nan.

Lokacin ɗauka daga fitowar rana zuwa wajen tara da rabi, sai kuma bayan la'asar. Ranar tsaka tana sa ramin ido ya yi baƙi, ita ce kuma ta kashe maka waya. Sa'arka ɗaya, 'yan ga-ruwa da sassafe suke aiki, lokacin injin markaɗe bai tashi ba, yara kuma suna makarantar allo ko shirin boko.

Kafin komai ka je ka gaida mai unguwa, ka faɗa masa abin da za ka yi, in da hali ka tafi da kawunka. Mutanen gidan da za ka ɗauki ƙofarsu ka nemi izininsu. Sannan ka sani Kano tana da Hukumar Tace Finafinai tun 2001, kuma aikinta ya shafi abin da ake sakawa a YouTube. Kafin ka saki komai ka taka da ƙafarka ka tambayi ƙa'idar rajista da ta tacewa, kada ka dogara da ji-ta-ji-ta.

Tambayarka ta ƙarshe, amsata ita ce: ɗan talaka yana iyawa, amma ya fi ɗan mai hali biya, domin shi da yininsa yake biya. Wannan ba zan ɓoye maka ba.

Edita 'Yar Kawo, Kaduna:

Baba ya gama magana a kan kuɗi, ni bari in shiga ta ɓangaren da nake ci da shi. Shekara uku ke nan ina tace bidiyon biki da tallan 'yan kasuwa, kuma wata takwas na farko duk a waya na yi su kafin in samu tsohuwar kwamfuta.

Ƙanena, rage labarin. Minti 15 ya yi maka yawa a karon farko. Wanda ke koyo yakan ɗauki abu sau biyar sau shida kafin ya samu mai kyau, wato fim ɗin minti 15 zai iya cin ɗaukar awa ɗaya da rabi. A saitin ingancin hoto na 1080p minti ɗaya yana cin sama da 100MB a yawancin wayoyi, ka ga ka doshi 10GB tun ba ka fara tacewa ba, ita kuma manhajar tacewa tana son nata wurin. Mayar da shi minti shida ko bakwai, mutum biyu, wuri biyu. Kada ka kusanci 4K, zafi da cikewar wuri kawai zai jawo maka.

Ranar ɗauka ka sa wayar a yanayin jirgin sama, kira ɗaya yana iya yanke maka fitowa mafi kyau. Cire mata riga don ta sha iska, in ba a ɗauka a ajiye ta a inuwa. Goge gilashin kyamarar kowane lokaci, tsagewar fuskar waya ba ta shafi hoto ba matuƙar na bayan lafiya yake. Riƙe ta a kwance. Kada ka jawo hoto da yatsa, taka ka matsa kusa. Danna fuskar mutum ka riƙe har haske da saiti su kulle, in ba haka ba hoton zai riƙa yin haske yana duhu da kansa. Akwai manhaja kyauta mai suna Open Camera da ke ba ka damar saita waɗannan da hannu. In za ka ɗauka a ɗaki da ƙwan lantarki, sa ta a hoto 25 cikin daƙiƙa in wayar ta yarda, domin wutarmu 50Hz ce, wato sau 50 take juyawa a daƙiƙa, a kan 30 wani lokaci za ka ga haske yana rawa.

Sauti kuma, ko ka sayi makirfo, ari waya ta biyu ka sa a aljihun gaban rigar mai magana tana naɗa. A farkon kowace ɗauka wani ya tafa hannu sau ɗaya a gaban kyamara, da wannan tafin za ka daidaita sauti da hoto. In kun gama a wuri, kowa ya yi shiru ka naɗi minti ɗaya na sautin wurin kawai. Za ka gode min ranar tacewa, da shi ake cike ramukan da ke tsakanin magana. Manhajojin tacewa CapCut ko VN sun isa wannan aikin a waya. In Allah ya hore kwamfuta, DaVinci Resolve yana da na kyauta, amma yana son inji mai ƙarfi. Kiɗa kuwa kada ka ɗauko na fim ɗin Indiya ko waƙar wani, YouTube na gane su, a toshe bidiyon ko kuɗin tallan ya tafi wajen mai waƙar. Nemi mai gurmi ko mai sarewa a unguwa ya yi maka na minti biyu.

Maganar kuɗin YouTube, gara ka ji lissafin tun yanzu. Kafin a fara raba kuɗin talla da kai sai ka tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12. Awa 4,000 minti 240,000 ne. In fim ɗinka minti goma ne kuma mutane suna kallon rabi, kana buƙatar kallo 48,000. Bayan haka ba a turo kuɗi sai sun kai dala 100, kuma tallan da ake nuna wa mai kallo a Najeriya bai kai na mai kallo a Turai ko Amurka tsada ba. Shi ya sa ka ga manyan furodusoshi sun koma masu dogon zango, kowane mako sabon kashi. Gajeren fim ɗaya ba zai dawo maka da dubu 85 ba. Abin da zai ba ka shi ne abin nunawa. Ni aikin biki na farko da aka biya ni, bidiyon minti uku na yayen Islamiyyar ƙanwata aka gani aka kira ni.

A nan Kaduna muna da misali a gabanmu, yaran nan na The Critics. Da waya mai fasasshen gilashi da koren yadi suka riƙa haɗa finafinan almarar kimiyya, suna koyon dabarun a YouTube, suna aiki da manhajar Blender wadda kyauta ce. A 2019 duniya ta san da su, a 2020 J.J. Abrams, mai shirya finafinai na Amurka, ya aiko musu da kayan aiki. Abin da mutane ke mantawa, sun yi shekaru suna yi kafin wani ya waiwaye su, kuma su da yawa ne, 'yan uwan juna, kowa da abin da ya iya.

Wani abu a gefe, tunda ana maganar wa ke iya shiga. Kai aƙalla za ka iya tsayawa a lungu da waya ba a kai ƙararka gida ba. Ni sai da na shekara ina aiki a ɗaki kafin mahaifina ya yarda in je wajen biki da kyamara, shi ma tare da yayana. Akwai 'yan mata da yawa masu ido da haƙurin wannan aiki. In kana da ƙanwa mai sha'awa, koya mata tacewa, aiki ne da ake yi a tsakar gida.

Mai Cajin Waya, Sabon Garin Zariya:

Malam, ka ce kada a lallashe ka, to ni ba zan lallashe ka ba. Sayi kekenka.

A 2022 na ɗebi jarin shagon cajina na fara mai dogon zango da abokai. Kashi shida muka yi. Duk abin da Baba da Hajiya suka faɗa mun yi, har makirfo biyu muka saya. Mabiyanmu suka tsaya a ɗari bakwai da wani abu. Sai aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, litar da muke saya ƙasa da naira 200 ta ninka kusan sau uku cikin kwanaki, daga baya a 2024 har ta haura 1,000. Janaretan da nake cajin wayoyin mutane da shi, shi ne kuma na tace fim. Dole na zaɓi ɗaya. Jarumarmu ta yi aure, mai ɗaukar mana hoto ya tafi Abuja aikin gini. Har yau ina biyan bashin da na ci a kashi na biyar.

Ina jin daɗin labarin yaran Kaduna, Allah ya ƙara musu. Amma duk wanda aka aiko wa kaya daga Amurka, akwai irina da yawa da ba wanda zai ba da labarinsu. Ana cewa waya ta daidaita kowa. Ɗan mai kuɗi in fim ɗinsa na farko ya lalace, darasi ya koya. Ni da nawa ya lalace, shago na kusa rasawa. Ina ɗan talaka zai je ya koya ma? Makarantar fim ta ƙasa tana Jos, sai mai kuɗin makaranta da na zama. Ƙauyen fim da gwamnatin tarayya ta ce za ta gina a Kofa ta jihar Kano a 2016, rikici ya tashi a kansa aka soke shi tun ba a aza tubali ba. Ba ina maganar wa ke da gaskiya a wancan rikicin ba, ina cewa dai yaro irinka ba shi da ɗakin da zai shiga ya taɓa kyamara kyauta.

Ban ce ka bar labarin yayanka ba, labari ne mai kyau, ni ma ya taɓa ni. Keke zai ba ka dubu 85 sau da yawa. Fim ɗin ba zai ba ka keke ba. In ka tsaya da ƙafarka, shekara mai zuwa ka yi shi da ribar ɗinki.

Ɗan Tawa, Nijar:

Salamu alaikum 'yan uwana na Najeriya. Ƙanena, wanga zance naka ya tuna mini da mutumin da munka sani nan Tawa, marigayi Moustapha Alassane, wanda ya rasu a 2015. Makanike ne tun farko. Tun yana yaro shina yanka kwali shina haska fitila bayan farin ƙyalle, inuwa tana motsi, mutanen gari suna taruwa kallo. Daga baya ya haɗu da Jean Rouch, Bafaranshe mai shirya fim, a Yamai ya koyi aikin kyamara, ya zama cikin na farko da sunka yi fim ɗin zane mai motsi a Afirka ta Yamma, da kwaɗi ya riƙa yi wa masu mulki hannunka mai sanda. Oumarou Ganda kuma tsohon soja ne da ya yi dako a tashar jirgin ruwa ta Abijan, shi ne ya fara cin babbar kyautar FESPACO, bikin finafinan Afirka, a Wagadugu a 1972. Ba ɗiyan sarauta ba ne ko na masu dukiya.

Amma ɗan uwana na Zariya yana da gaskiya wuri guda: su ma sai da sunka samu wanda ya buɗe musu ƙofa ya ba su kayan aiki. Don haka ka nemi babba cikin sana'ar ka manne mishi, ko jaka ce ka ɗauka.

Shawarata guda ce. In ka gama, kada ka fara da intanet. Ari majigi wajen masu gidan kallon ƙwallo ko wata lakkal, wato makaranta, ka rataya farin zane a ƙofar gidanku bayan isha'i, ka kira 'yan ga-ruwan unguwa su zauna gaba. Mu nan haka muka yi da wani ɗan fim da munka ɗauka da salula bisa masu dakon albasa, jikka biyar ta CFA muka kashe a daren. Inda sunka yi shiru da inda sunka fara hira, nan munka gane abin da ya yi da wanda za a yanke.

Ɗan Tela, Kurna:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Kwana uku ina juya maganganunku.

Yaya na Zariya, maganarka ce ta fi hana ni barci, domin ita ce irin wadda mahaifiyata za ta faɗa. Allah ya warware maka bashin nan. Na kai wa kawu zancen gaba ɗaya, har na karanta masa abin da kuka rubuta. Ga yadda muka tsaya: dubu 50 na ba shi ya riƙe na keke, ba zan taɓa ba. Dubu 35 zan yi aikin da su. Don haka na bi shawarar Anti ta Kaduna, na yanke labarin ya koma minti shida, mutum biyu, safiya biyu. Makirfo zan saya, filas wani abokina zai ara min. Baba, na riga na ɗinka buhun yashin da hular makirfo jiya da daddare. Na kuma samu wani mai tace bidiyon biki a Rijiyar Lemo, mun yi yarjejeniya zan ɗinka masa kaftani biyu shi kuma ya zauna da ni yini biyu a kan kwamfutarsa. Mai unguwa za mu je da kawu ranar Alhamis.

Abin da ban zata ba shi ne yayana. Da ina ɓoye masa, ina jin nauyi. Shekaranjiya na je wajen gadinsa na karanta masa. Bai ce komai ba har na gama, sannan ya ce in cire duk maganar da na sa wa ɗan ga-ruwan a kan hawa, wai babu mai tura jarka goma sha biyu a hawa yana magana, numfashi ma da ƙyar. Shafi uku suka tafi a nan. Ya ce kuma kurar da ba ruwa da mai ruwa ba kukansu ɗaya ba: in jarkokin babu komai ƙara suke yi suna bugun juna tun daga nesa, in an cika su shiru suke, sai kukan taya da ɗan motsin ruwa. Ya ce matan gida da wannan ƙarar suke gane ko tafiya yake ko dawowa, su san lokacin aiko yaro ya tare shi. Shekara huɗu muna kwana ɗaki ɗaya ban taɓa sanin haka ba. Ya kuma haɗa ni da abokinsa da har yanzu yake turawa, mun yi ciniki dubu huɗu kowace safiya, shi zai fito da kansa da kurarsa.

Asabar bayan sallar asuba zan bi shi bakin burtsatse, sauti kawai zan fara naɗowa, tafiya da dawowa. Baba, tambaya ɗaya ta rage: in na ɗaure makirfon a jikin ƙarfen kurar, girgizar ba za ta lalata sautin ba? Ko in riƙe shi a hannu in riƙa binsa a gefe?

Tsohon Mai Kyamara, Fagge:

Kada ka ɗaure a ƙarfe, ɗana, duk bugun taya zai shiga ciki ya rufe komai. Ɗaure shi a kan sanda mai tsawon hannu biyu, ka naɗe wurin da ƙyalle, ka bi gefen kurar kana nuna shi wajen jarkokin. Cire takalmi mai ƙara, sa soso ko ka tafi a hankali. Yi sau ɗaya kusa, sau ɗaya kuma ka tsaya a bakin lungu ya taho daga nesa ya wuce ka. Ka sa abin ji a kunne kana saurare yayin da kake naɗa.

Ƙarfe nawa yake fara lodi? In kafin shida da rabi ne zan hau adaidaita in same ku, ina da tsohuwar sandar makirfo da ba na amfani da ita.